Layin Shugaba

"Ya mayar da kuɗin?!" Auta ta miƙe zumbur daga kan keken ɗinki.

Baba ya jefa ambulan ɗin a kan teburin yanka. "Ya mayar. Wai tsakanina da shi babu maganar biya... sai bayan zaɓe."

Shekara uku ke nan da gobara ta cinye shagon Baba, Shugaban 'yan kasuwa ya ba shi jari. Ba shi kaɗai ba, kusan rabin kasuwa. Mutumin nan bai taɓa tambayar kowa sisi ba, kai, in ka kai masa ma fushi yake yi! Amma takardar shagon kowa tana durowarsa. Gobe kuma zaɓen shugaban 'yan kasuwa, na bin layi, kowa ya tsaya bayan gwaninsa ido na ganin ido. Mai karawa da Shugaba kuwa Dogo ne, mai gyaran waya, mijin Auta.

Ga shi nan tsaye a bakin ƙofa yana huci.

"Baba, sarƙar Auta fa muka sayar muka haɗa kuɗin nan, don a fitar da wuyanku..."

"Ni na sa ku? Kai ka jawo mana, da shegen son girma!" Baba ya juyo kanta. "Ke kuma ki saurara. Shugaba ya ce in ya gan ki bayan mijinki, shago ya tafi. Ni da uwarki a ina za mu ci?"

"Haba Baba..."

"Rufe min baki!"

Dogo ya sassauta murya. "Masoyiyata, dube ni. In matata ba ta tsaya a bayana ba, wa zai tsaya?"

Ta kasa dubansa. Wallahi ta tsani Shugaba, ta tsani kasuwar, ta tsani kanta.

Washegari da hantsi, a filin ajiye motoci, ta raɓe can ƙarshen layin Shugaba, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Amma ina! Mugun ya hango ta.

"A'a, 'yata! Matso gaba mana, kowa ya gan ki!"

Aka yi ta tura ta har gaba. Layin Dogo ya fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, har da abokan da suka rantse masa jiya.

Dogo bai ko kalle su ba. Ita ya tsura wa ido.

"Shago ya tsira, Auta," ya ce. "Ki bi Baba gida. Kada ki dawo mini yau... ban san yaushe ba."

Ta durƙushe a wurin tana kuka, mai ƙirga ya ce ta tashi, ba a ƙirga na zaune.