Mai Riƙe Kyamara a Bayan Kahu

Dare ya fara nisa, ruwan ƙarshen damina ya wanke sama tas. Zakiyyu ya fita bayan gonakin ƙauyen Kahu don ya ɗauki hoton taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Kyamarar ta aro ce, da safe zai mayar, ga shi ƙafar abin ɗora ta ta karye a hanya. Hoton taurari kuwa sai kyamara ta jima ba motsi, ko numfashin mai riƙewa ɓata shi yake.

"Samari, kawo in riƙe maka."

Wani tsoho ne tsaye a bayansa, ko sallama bai yi ba. Kwaɗi suka yi tsit.

"Baba, ai ba mai iyawa. Hannu rawa yake."

"Kawo dai."

Zakiyyu ya saita, ya miƙa masa, ya danna. Suka daɗe a tsaye, hadari yana tasowa daga gabas. Da tsohon ya miƙo kyamarar, sanyi ƙalau take.

Hoton ya fito tar, kowane tauraro ɗigo guda. Zakiyyu ya buɗe baki zai yi godiya, sai ya lura: tun zuwan tsohon, numfashin mutum ɗaya kaɗai yake ji.