Takalmi Lamba Talatin da Tara

Ranar da Ruwaida ta fara ganin Moutari ƙarya ta yi masa, kuma ba a kan komai ba sai a kan ƙafa.

A wani shagon kayan motsa jiki ne a Lyon. Ƙawayenta na jami'a a Bron sun matsa mata sai ta bi su hawan bango, irin wanda ake kakkafa wa duwatsun roba, mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya yi ta rarrafe sama kamar ƙadangare. Ta shiga neman takalmin hawa, waya a kunne, tana ce wa mahaifiyarta da ke Paris, "Na ci abinci, Mama, wallahi na ci."

Tana kashe wayar ta ji an ce da Hausa, "Sannu da zuwa, 'yar gida. Wace lamba kike sawa?"

Ta ɗago. Dogo ne, baƙi, ga wushirya, ga murmushin da ba ta shirya masa ba.

To, Ruwaida arba'in da biyu take sawa. Tun tana ƙarama yayyenta ke kiran takalmanta kwale-kwale. Mahaifiyarta kuwa, Hajiya Ummukulthum, doka ta kafa mata, wai ɗiya mace ba ta wuce talatin da tara a gaban mutane, ko da za ta mutu. Ita kanta Hajiyar ba ta taɓa zama a gidan biki ba ta zare takalminta a ƙarƙashin tebur ba, wai zafi take ji.

"Talatin da tara," in ji Ruwaida, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Moutari ya dubi ƙafar, ya dubi mai ƙafar, ya sake duban ƙafar.

"To, madalla," ya ce. "Sai dai shi takalmin hawa dole ya kama ƙafa tsam, yatsu su ɗan lanƙwashe, kada iska ta rage a dunduniya. Mukan rage wa mutum lamba ɗaya ma."

Talatin da takwas! Yau kam ta jawo wa kanta.

Ya shige ciki ya daɗe, sannan ya fito da wani jan takalmi, an manna farar takarda a harshensa an rubuta 39 da biro. Ta yi bisimilla ta zura ƙafa, tana jiran azaba. Ikon Allah, sai ƙafa ta shige! Ya matse, amma matsewa ta mutunci. Nan take ta yanke hukuncin cewa sanyin Lyon ne ya motsar mata da ƙafa, ta yi wa garin addu'a a zuci.

Daga nan kuma sai hawan bango ya zama farilla. Moutari, wanda iyayensa 'yan Maradi ne mazauna Vaulx-en-Velin, shi ke riƙe mata igiya daga ƙasa. In ta kai tsakiya tsoro ya kama ta, sai ya ɗaga murya, "Saki jikinki, ina riƙe da ke." Ita kuwa wani lokacin da gangan take sakin dutsen don ta sake jin maganar.

Da yamma tana cikin tram, jirgin cikin gari, sai saƙonsa ya shigo:

"Madam Talatin da Tara, kin isa lafiya? Kin bar allin da kika shafa wa hannu don hawa a kan rigata, na kasa kakkaɓewa."

Ta mayar masa: "Ka wanke mana, ƙazami."

"A'a. Sai kin zo kin ƙara wani, chérie."

Ta kife wayar a ƙirji tana murmushi ita kaɗai, har ta wuce tasharta.

Da magana ta yi ƙarfi ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris gaida iyayenta a Château Rouge. Alhaji Ladan, mahaifinta, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Hira ta yi daɗi har la'asar, Moutari ya tuɓe safa zai yi alwala, Hajiya ta zo wucewa da tire ta kalli ƙasa.

Ban da hawan bango, Moutari ɗan gudun tsauni ne, kuma masu wannan gudu ba su cika rabuwa da baƙin farce ba. Faratansa biyu sun yi baƙi ƙirin, ɗaya ma babu shi gaba ɗaya.

Ƙafarsa ba ta gama sauka daga bene ba Hajiya ta fara.

"Mutumin da ya kasa riƙe farcensa shi zai riƙe mini ɗiya? Ba a kore shi ba, ba a biyo shi ba, ya kama gudu cikin daji! Ga Safwan ɗan ƙawata yana aiki a ambasad, ofishin jakadanci, takalminsa kaɗai in kin duba sai ki ga fuskarki."

"Mama, ni shi nake so."

"Ki so shi daga nesa. Na gama magana."

Ruwaida ta koma Lyon zuciya a jagule. Akwai wani gudun tsauni da ta yi rajista saboda shi, ya kuma ce ta zo shago ya zaɓar mata takalmi, don na gudu ba kamar na hawa ba ne, sai an bar wa yatsu fili kamar faɗin babban yatsan hannu saboda gangara. Tana isa ƙofar shagon ta hango shi durƙushe gaban Yasmine, abokiyar aikinsa, yana latsa mata bakin takalmi suna dariya. Ita Yasmine ɗin talatin da shida take sawa, ƙafa kamar ta 'yar tsana.

Kishi ya turnuƙe Ruwaida. Ta juya, ta sayi takalminta ta intanet, talatin da tara cif. Ba ga shi tana sa lambar tana hawa bango ba?

Saƙonsa ya shigo: "Gimbiya, ina ta jiranki. Yaushe za mu gwada takalmin?"

"Ka gwada wa masu ƙananan ƙafa. Na sayi nawa."

Ranar gudu da kyar takalmin ya shiga, sai da ta haɗa da man shafawa da salati. Ta ce a ranta zafin Paris ne ya kumbura ta. Da hawa abin da sauƙi. Da aka fara gangara kuwa, kowane taku sai yatsunta su daki bakin takalmi kamar ana buga ƙusa. Yasmine ta wuce ta fit, har da ɗaga mata hannu. Ruwaida ta cije ta ƙara gaba, daga ƙarshe ta zube kan wani dutse ta fashe da kuka.

Moutari, wanda shi ma yake cikin gudun, ya hango ta ya juyo da baya a guje. Ya durƙusa ya kwance igiyar takalminta, ya ja takalmin da ƙarfi kafin ya fita. Ya duba lambar ya dafe kai.

"Innalillahi! Talatin da tara na gaskiya kika saya?"

"Da akwai na ƙarya ne?"

"Akwai. Wanda na ba ki. Arba'in da ɗaya ne, ni na manna masa takarda."

Kukan ya tsaya cak.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ki buɗe baki. Ruwaida, aikina ke nan, daga ƙofa nake sanin lambar mutum. Na ga kin ji kunya, ni kuma ban so ki fita ki tafi wani shagon ba. Ni na cuce ki, ki yafe mini."

"To Yasmine fa?"

"Yasmine aure gare ta da 'ya'ya biyu. Kuma da wannan 'yar ƙafar tata ko tsayuwar kirki ba ta iya yi a bango. Ke kuwa in kin taka dutse, dutsen ya san an taka shi. Ni ƙafar na fara so kafin in ga fuskar."

Ta ɗauki takalmin ta jefe shi da shi, tana dariya da hawaye shaɓe-shaɓe. A hankali ya sauko da ita, ƙafarta cikin nasa takalmin, shi kuma da safa.

Da hutu ta je gida, manyan faratanta biyu sun yi baƙi. Hajiya ta rafka salati.

"Ya shafa miki! Na ce cuta ce!"

Ruwaida ta zayyana musu komai, ta ce daga yau ta bar talatin da tara, kuma ba ta auren mai takalmin madubi. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce yaron da ya sauko daga tsauni da safa don 'yarsa ya turo magabatansa.

Hajiya ta sauko, amma da sharaɗi. Takalman lefe duka su zo a talatin da tara, in ba haka ba a fasa, don ba za ta zama abin dariyar matan Château Rouge ba.

Ruwaida ta rubuta masa: "Don Allah ka manna takardar nan taka, sau ɗaya tak. Kada mu rasa juna saboda lamba."

Ya amsa: "Takarda ta ci mana farce biyu, masoyiya. Ba na ƙarawa. Saki jikinki, ina riƙe da ke."

Ranar kawo lefe falo ya cika maƙil. Ruwaida na ɗaki, kunne a jikin ƙofa. Tanti Huraira mai shagon atamfa, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar ta kai Zinder, ita ke ɗaga kaya. Aka wuce shadda, aka wuce leshi, aka zo akwatin takalma. Ta ɗaga ɗaya ta juya ƙasansa, ta gyara tabarau.

"Arba'in da biyu?"

Wata ta tuntsire da dariya ta mayar da ita tari. Fuskar Hajiya ta haɗe, ta buɗe baki za ta ce a kwashe kaya, sai gwaggon ango ta miƙo wani kwali daban.

"Ango ya ce wannan na Mama ne, a ba ta hannu da hannu."

Takalmin gudu ne mai faɗin baki, mai taushi kamar katifa. Tanti Huraira ta yi wuf ta leƙa.

"Arba'in da uku! Hajiya, wa zai sa wannan?"

Hajiya ta dubi takalmin, ta dubi yatsunta da suka hau kan juna tun zamanin 'yanmatanci. Ashe ranar da take ƙare wa faratansa kallo, shi ma ya ga abin da ya gani. Ta zura ƙafa ɗaya, ta zura ta biyu, ta miƙe tsaye. Ta taka zuwa taga ta dawo, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, idonta ya kawo ruwa.

"Ni zan sa, Huraira. Ƙafar gidanmu ce, ki kai labari har Zinder. Allah Ya yi wa yaron nan albarka."

Aka ɗauki guɗa. Kafin a watse mata uku sun zare nasu suna tambaya ko angon yana zuwa Paris da ma'auni, kuma Tanti Huraira ce ta farko.

Ranar biki mai lalle ta zana wa amarya fure a inda farce bai gama tsirowa ba. Hajiya ta yi rawa tun daga farko har aka tashi, bakin takalmin gudu na leƙowa ƙarƙashin shaddarta, ba ta nemi kujera ba ko sau ɗaya.

Moutari ya sunkuyo ya raɗa wa amaryarsa, "Madam, wace lamba kike sawa?"

"Arba'in da biyu," ta ce da ƙarfi, har na teburin baya suka juyo.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, masu faɗin ƙafa da cikakkun farata.