Bakin da Umm Fahad Ke Karantawa

Sahadatou ta cire takunkumi a cikin jirgin ruwa, ta dawo Riyadh ta ce ba ta cire ba. Abin da ya faru ke nan.

Aikinta kula da wata tsohuwar Balarabiya ne a unguwar Badi'a, Umm Fahad. Tsohuwar kurma ce, da ido take jin magana, sai ta kalli bakin mutum. Da aka sassauta dokar korona, 'ya'yanta suka shirya yawon shaƙatawa na kwana huɗu a teku daga Jidda, suka ce da Sahadatou za a tafi.

Saura wata ɗaya bikinta da Mukhtari, mai dakon kayan gwari a kasuwar Aziziya. Da ƙyar mahaifiyarsa, Inna Delou, ta yarda da auren, don ita Biba 'yar ƙaninta ta so masa. Ga Innar da ciwon ƙirji.

Ranar tafiya ya kawo mata kwalin takunkumi har ƙofa.

“Sahada, jirgi akwati ne a rufe. Ki yi min alkawari.”

“Kai dai da tsoro, Yaya Mukhtari! Kullum kana cikin 'yan tumatir suna maka tari a ka.”

“Ni ban da wasa, hasken idona. Kin san ƙirjin Inna.”

“Wallahi ba zan cire ba.”

Kwana biyu ta riƙe alkawari. Ma'aikatan jirgi ma ba sa ɗaga ƙafa, duk inda ka juya, “Kammama, kammama!”, wato a sa takunkumi.

A rana ta uku, a ɗakin cin abinci, jirgi ya ɗan yi tangal-tangal. Umm Fahad ta firgita, ta damƙe hannunta.

“Ya binti, 'yata, nutsewa muke yi?”

Sahadatou ta girgiza kai, ta yi nuni, ta yi magana ta bayan ƙyalle. Ina! Tsohuwa sai kuka take kamar yarinya, jikokinta suna can suna ɗaukar hoto.

Ta janye takunkumin zuwa haɓa.

“Babu komai, Mama. Iska ce.”

Tsohuwa ta kalli bakin, ta daina kuka. Daga nan ba ta ƙara yarda a rufe shi ba har suka sauka.

Da suka dawo Riyadh, Mukhtari bai ko bari ta gama gaisuwa a waya ba.

“Kin cire?”

Idan ta ce eh, zai hana ta zuwa gaida Inna ranar Juma'a. Inna kuwa yanzu ta fara sakin fuska, Biba na gefe tana jiran a ce amarya ta je teku ta dawo da girman kai.

“Ban cire ba.”

“Alhamdulillahi. Na san ki.”

Ranar Juma'a ta je gidan Inna a unguwar Al-Oud da tsarabar dabino da turare. Ta durƙusa. Inna Delou ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta jawo ta jikinta, ta kama fuskarta da hannu biyu.

“Cire wannan tsumman in ga ɗiyata da kyau.”

Ta cire... Ya za ta yi?

Ranar Lahadi Sahadatou ta daina jin ƙamshin girki. Ranar Laraba aka kwashi Inna zuwa asibiti. Sahadatou ta warke cikin sati biyu. Inna ba ta fito ba. Mutum shida kawai aka bari suka raka ta maƙabarta.

Biba lalle take yi a wani shagon gyaran mata, can jikar Umm Fahad take zuwa. Nan ta ga hotunan jirgi, ta roƙi guda ɗaya. Ba ta nuna wa kowa ba sai ranar sadakar bakwai.

Washegari da hantsi Mukhtari ya zo ƙofar gidan Umm Fahad. Ya rame. Ya tsaya nesa da ita, ya ɗaga wayarsa. Ga ta nan a bayan jikoki, takunkumi a haɓa, tana murmushi.

“Yaya Mukhtari, tsaya ka ji... Tsohuwar ba ta ji, sai ta ga baki. Kuka take yi!”

“Na yarda.”

“Kuma wa ya sani? Kai ma kasuwa kake wuni! Biba ma shago take!”

“Babu wanda ya sani sai Allah. Wataƙila ni na kai mata.”

“To don me...”

“Na tambaye ki, Sahada. Da kin ce eh, sati biyu kawai za ki zauna. Ni da hannuna na buɗe miki ƙofar ɗakinta.”

“Tsoro na ji kada a ƙwace min kai!”

Ya daɗe yana kallonta, idonsa jawur.

“Na yafe miki. Amma duk ranar da na kalli fuskar nan, hannun Inna zan gani a kanta.”

Bai auri Biba ba. Ya nemi bizar fita ta dindindin, ya koma gida Maradi.

Ranar da aka sa za a ɗaura auren, Sahadatou tana taje wa Umm Fahad kai. Tsohuwa ta juyo da fara'a.

“Ya binti, yaushe ne bikin? Na ajiye miki zobe.”

Sahadatou ta amsa ta bayan takunkumi. Tsohuwa ta ɓata rai, ta miƙa hannu ta janye shi ƙasa.

Dole ta sake faɗa, a hankali, yadda za a iya karantawa.

“Babu biki, Mama.”