Zoben Abu Nizar Ya Tona Asiri

"Wayyo, an gama da ni!" in ji Abu Nizar, yana murza gashin baki. "Ni da ake gane isowata da ƙamshi, yau gidana ke warin ruɓaɓɓen ƙwai!"

'Yarsa ta sunkuyar da kai. Ita ce ƙazwa ta kama. Likita ta ba su man farar wuta mai ɗan karen wari, ta ce kowa a gidan ya shafa, daga wuya har ƙafa.

Kowa ya ce ya shafa. Yarinya ta warke, amma ba a jima ba ƙaiƙayi ya dawo. Malamarsu ta ce ta zauna gida, ga jarrabawa ta gabato. Kullum tana bakin taga tana kuka.

"Maganin ne ba ƙarfi," ta ce a ranta.

Akwai buhun farar wuta da babanta ke barbaɗa wa inabi a gona. Ta ɗiba a ɓoye, ta kwaɓa da man zaitun, ta lafta a hannu. Fata ta yi jawur, tana zugi kamar ƙuna. Ta ƙwala ihu, aka ruga da ita asibiti.

"Ta gona ta ganye ce, 'yata," in ji likita, tana wanke mata hannu. "Tamu aunata aka yi. To, wa ya ƙi shafawa a gida? Shi ke mayar miki da cutar."

"Ni? Har ƙeya na shafa!" in ji Abu Nizar.

Matarsa ta miƙo hannu. "Dubi munduwata, Likita. Man nan ya mayar da azurfa baƙa ƙirin. Malam mai ƙamshi, ina zobenka na azurfa da ya ƙi fita tun ranar aure?"

Zobe na ta ƙyalli. Ga shi mai zoben yana sosa tsakanin yatsu.

"Baba?" in ji yarinya.

Ya sauke murya. "Turarena na ji wa tausayi. Ni na ja miki, 'yar baba. Yafe mini."

Ran nan kowa ya shafa a gaban kowa. Hannu ya warke, ta rubuta jarrabawarta. Ta koyi cewa ba a haɗa wa kai magani, kuma abin da likita ta ce a yi, kowa yake yi.

Abu Nizar kuwa yana nan yana nuna wa maƙwabta baƙin zobe, wai sabon yayi ne.