Gawa a Ƙofar Sito

Hantsi bai gama dubar ludayi ba aka kawo wa Sufeto Inusah rahoto a caji ofis: an sami gawa a makarantar gwamnati da ke gefen Zongo, unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi. Shekarar 1902 ce, Akra kuma ba ta saba jin an yi kisa a makaranta ba.

Da ya isa sai ya tarar da harabar tsit. Yara cike da azuzuwa, galibinsu 'ya'yan ƙabilun Ga da Fanti, kowa ya rungume allonsa. Ranar jarrabawar shekara ce, ana jiran Baturen da ke duba makarantu.

Gawar tana bayan ginin, a ƙofar sito. Malam Jibirilu ne, saurayin da ke koyar da 'yan Zongo. An buge shi a ƙeya, bugu ɗaya. Sufeto ya tsuguna, ya ga wani abu yana ƙyalli cikin yashi. Hular tagulla ce, irin wadda ake ƙwama wa kan sandar hannu. Kamar ya san ta. Ya jefa ta aljihu.

Shugaban makarantar, Masta Kwate, yana tsaye yana sharce gumi.

"Masta, ina yaran da mamacin ke koyarwa?"

"Ba su zo ba. Kullum ranar jarrabawa 'yan Zongo suna gudu. Dama su kaɗan ne, kuma babu wanda ya taɓa ci."

"Mene ne a sito?"

"Tsintsiya da karyayyun benci."

"Buɗe."

Masta ya zaro mabuɗi daga aljihu, ya buɗe. Zafi da zarnin fitsari suka bugi Sufeto. Ƙasan ɗakin duk sawun ƙananan ƙafafu ne, sababbi. A jikin ƙofar ta ciki kuwa an kankare katako da farce.

"Tsintsiyarku tana da ƙafa, Masta?"

Masta ya juya ya nufi ofishinsa.

A bakin ƙofar makarantar akwai wata mai sayar da koko, Adiza. Tana hango kakin Sufeto ta fara haɗa kwanukanta.

"Iya, yau 'yan Zongo sun shiga?"

"Ni ban gani komai ba, Papa Sufeto. Koko nake sayar."

"Wanda aka kashe ɗan Musulmi ne, uwarsa na nan da rai. Ita zan je in gaya wa ba ki ga komai ba?"

Adiza ta rufe baki da gefen mayafi. "Sun shiga. Masta ya kora su baya kamar awaki. Haka bara, haka bara waccan. An jima sun fito da gudu, suna kuka."

"Babba fa? Wa ya shiga bayansu?"

"Ka bar ni, don Allah. Mutumin da ya je yaƙin Kumasi ya dawo, ni wace ce da zan ambaci sunansa?"

Sufeto ya shiga ofishin Masta, ya turo ƙofa.

"Ka kulle yara a sito. Don me?"

Masta ya zube a kujera. "Turancinsu bai nuna ba. In Bature ya tambaye su suka kasa, sunan makaranta ya ɓaci. Sai in ce ba su zo ba."

"Jibirilu ya yarda?"

"A da yana shiru. Bana ya ce sun shirya, har ya rantse Salamu zai wuce kowa a ajin. Na hana. Ina juya baya ya ɗauke mabuɗi daga teburina. Da na bi shi, a kwance na same shi, mabuɗin a hannunsa. Na saki yaran, na ce wanda ya yi magana zai sha bulala. Amma ban taɓa shi ba!"

"Salamu ɗan wa?"

"Ɗan Saje Mumuni."

Sufeto ya riga ya sani. Saje Mumuni tsohon soja ne da ya yi yaƙin Kumasi, tare da mahaifin Sufeto suka yi bariki. Shi ya bi gida gida a Zongo yana roƙon iyaye su ba da 'ya'yansu boko, ana zaginsa yana haƙuri. A hannunsa Sufeto ya koyi fareti.

Ya same shi a zauren gidansa kan buzu, da carbi a hannu. Sandarsa na jingine da bango, an naɗe kanta da tsumma.

"Baba Saje, barka da hantsi."

"Inusah. Da kaki ka zo gaishe ni?"

"Yau ka fita?"

"Daga masallaci sai nan."

"Ina Salamu?"

"Zazzaɓi yake."

Daga cikin gida ana jin shesshekar yaro, da muryar mace tana rarrashi. Sufeto ya miƙa hannu ya ɗauki sandar, ya warware tsumman. Kan katakon fari fat, babu hula. Ya fito da tagullar ya ɗora. Ta zauna daram.

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Carbin ya tsaya.

"Kowace shekara a ce 'ya'yanmu sun faɗi," in ji shi. "A kasuwa ana nuna ni, ga wanda ya kai yara su zama jakuna. Yau na ce sai na gani da idona. Na zagaya baya, na ji suna dukan ƙofa, na ji muryar ɗana yana kiran ruwa. Ga Jibirilu tsaye da mabuɗi a kan kwaɗo. Ɗanmu, Inusah! Ɗan Zongo yana kulle 'ya'yan Zongo don ya faranta wa Masta. Na buge shi. Da na ga jini ban iya tsayawa yaran su gan ni ba. Amma ban yi nadama ba."

Sufeto ya so a ce wani ne daban zai faɗi maganar da ke bakinsa.

"Baba, Masta ne ya kulle su. Jibirilu sato mabuɗin ya yi. Buɗewa yake."

"Ƙarya ne."

"Ya rantse Salamu ne zai zo na ɗaya. Kan haka suka yi faɗa."

Saje ya yunƙura zai tashi. Mutumin da harsashi bai durƙusar ba, sai da Sufeto ya tallafe shi.

Wani kurtu da ya rako Sufeto ya shigo daga waje da ankwa. Sufeto ya girgiza kai, amma tsohon ya miƙa hannuwansa biyu da kansa.

"Sa mini," in ji shi. "Kuma kada ka bi da ni ta bayan gari. Ka bi ta ƙofar gidan uwar Jibirilu, ta ga wanda ya yi."