Zaren Rigar Baba

"Sannu da aiki... ke ce Hiba mai saƙa?"

Na ɗago daga kwarashina. Yarinya ce fara, kyakkyawa, da tsohon ciki, tana haki saboda zafin ranar garin Garuwa. Na tura mata kujera.

"Ni ce. Zauna, ƙanwata, kada ki haife mana a zaure."

Ta yi dariya ta zauna. Ta ce sunanta Ikram, daga Ngaundere take, ta zo gidan gwaggonta a nan unguwar Yelwa za ta haihu. Matan unguwa ne suka kwatanta mata ni.

"Hula da safar jariri nake so, Yaya. Amma da zarena na zo."

Ta buɗe jaka ta fito da mayafin wuya na ulu, kore shar, ta ɗora min a cinya.

Wallahi sai da kwarashin ya faɗi daga hannuna.

"Na maigidana ne," in ji ta, fuskarta cike da murna. "Ya daina sawa, a ƙasan akwati na tsinto shi. Na ce bari a warware a yi wa ɗansa kaya. Bai sani ba, so nake in ba shi mamaki!"

"Ya sunan maigidan naki?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Kai, Yaya... sunan miji? To, Iliyasu. A tashar jirgin ƙasa yake aiki."

"Ya faɗa miki wanda ya saƙa masa?"

"A gwanjo ya saya, in ji shi."

A gwanjo! Ni Hibatullahi!

Na ce ta dawo ranar Juma'a. Yarinyar ba ta yi min komai ba. Har da riƙe min hannu tana godiya.

Wannan zaren ya girme ni. Dada, mahaifiyata, ita ta fara saƙa shi tana amarya, ta yi wa Babana rigar sanyi, saboda shi direban babbar mota ne, kullum yana hanyar Ngaundere inda sanyi ke shiga ƙashi. Har ya rasu ba ya tafiya sai da rigar. Bayan ciwon suga ya cinye idon Dada ya kuma kashe mata ƙafa, rigar nan take rungumewa idan kewarsa ta taso mata.

Da Iliyasu ya kawo gaisuwa gidanmu, ya kuma samu aiki a Ngaundere, Dada da kanta ta miƙo min rigar.

"Warware ki saƙa wa yaron nan abin wuya. Garin da za shi ba Garuwa ba ne."

Ranar da zai tafi na naɗa masa a wuya a bakin mota, rana tana dukanmu, yana gumi yana dariya, yana cewa, "Hasken raina, ko a wuta aka saka ni ba zan cire ba." Ya so a ɗaura aure mu tafi tare. Na ce ya yi haƙuri Dada ta ɗan samu sauƙi, ba ta da kowa sai ni, kuma ta rantse ba za ta bar ɗakin mijinta ba. Ya ce zai jira. Duk wanda ya zo neman aurena bayan nan korarsa na yi, har aka fara cewa ina da girman kai.

Ikram na fita na kira shi.

"Hasken raina! Yanzu nake tunaninki..."

"Iliyasu, nawa ka sayi mayafin a gwanjo?"

Ina jin kukan jirgi a bayansa.

"Wane mayafi kuma?"

"Wanda matarka ta kawo min yanzu. Wai in yi wa ɗanka hula."

"Innalillahi... Hiba, tsaya ki ji..."

"Ina ji! Ai ni gwanar jira ce, ka manta?"

"Na so in faɗa miki, wallahi na so. Na rasa ta inda zan fara."

"Amma ka san ta inda za ka fara kirana hasken ranka, ko? Ran Lahadi ma ka kira ni! Ka ce in gaida Dada!"

"Hiba, ni ma mutum ne. Kin ce sai Dada ta samu sauƙi. Ciwon Dada na samun sauƙi ne? Iyayena a Bibemi sun hana ni sakat. In zauna ina jiran..."



"Ƙarasa mana. Kana jiran me?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi. Da ka yi aurenka ka faɗa min, da na yi kukana na share hawaye. Amma ka bar ni ina korar mutane, kai kana can kana zaɓen sunan jariri. Kuma rigar ubana ce ka kira gwanjo!"

"Don Allah kada ki faɗa wa Ikram. Cikinta ya tsufa..."

Abin da ya dame shi ke nan. Na kashe wayar.

Ban yi kuka ba a lokacin, baƙin cikin ya fi ƙarfin kuka. Na zauna na kama bakin zaren na ja. Saƙar da na ɓata makonni ina yi, ina saka addu'a a kowane layi, kafin la'asar ta zama tulin zare a ƙafata, duk ya nannaɗe kamar taliya. Na turara shi a bakin tukunya ya miƙe. Saura naɗi, shi kuwa naɗi sai da hannu biyu na wani.

Dada tana zaune a tabarmarta a inuwar ɗaki. Kullum ita ke riƙe min zare, ta ce shi kaɗai ne aikin da ya rage mata a duniya.

"Kawo, 'yar albarka," in ji ta, ta miƙo hannuwa. "Na wa ne?"

"Na wata baƙuwa ce. Kayan jariri."

Na rataya mata zaren a hannu na fara naɗewa. Tana juya hannuwan a hankali, dama, hagu, kamar yadda ta koya min ina ƙarama.

"Yaron nan ya kira kuwa?"

"Ya kira. Yana gaishe ki."

"Allah ya yi masa albarka. Mai haƙuri ne."

Na cije leɓe na ci gaba da naɗi.

Can sai zaren ya tsaya. Na ja, ya ƙi zuwa. Dada ce ta danne shi da babban yatsa. Wani ɗan ƙulli ta kama, tana murza shi. Na san ƙullin. Ta sha ba ni labarin yadda zare ya tsinke mata tana amarya, ta ƙulla shi sau biyu don tsoron kada rigar ta warware a jikin angonta. Lokacin da nake saƙa mayafin na kasa yanke shi, na ɓoye shi ta ciki.

Ta kai zaren hancinta. Ta daɗe a haka.

"Hibatullahi."

"Na'am, Dada."

"Baƙuwar... matarsa ce?"

Nan ne kukan ya ƙwace min. Na kifa kaina a gwiwarta da ba ta jin komai, ina rusa kuka kamar yarinya. Ba ta rarrashe ni ba, hannuwanta na riƙe da zaren Baba.

"Ba za su same shi ba," na ce cikin kuka. "Zan sayo farin zare a kasuwa in yi wa jaririn, in ce wannan ya ruɓe. Wallahi ko taku ɗaya ba zai sake fita daga gidan nan ba!"

"To," in ji ta.

Sai hawaye ya gangaro daga idanun nan da ba sa gani. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Da bara na mutu, lokacin da aka kwantar da ni asibiti, da ɗanki ne zai sa hular nan."

"Dada! Don Allah kada ki ƙara faɗa!"

"Ba zan ƙara ba."

Ta gyara zama, ta sake ɗaga hannuwanta, ta miƙo min su.

"Naɗe, 'yata. Hannuna ya fara gajiya."