Baƙin Zare a Wayoyin Mota

A Kibiya akwai wata yarinya 'yar aji biyar, sunanta Saude. Ta iya ɗinkin hula sosai. Abin da ba ta iya ba shi ne neman izini. Duk abin da ya faɗo mata a rai, sai kawai ta aikata.

Mahaifinta, Malam Ishiyaku, yana da wata tsohuwar mota mai abin mamaki. Tana shan fetur, kuma tana da ƙaton batir a bayan kujera. Wani lokaci ta yi ƙugi. Wani lokaci ta wuce shiru kamar kyanwa. Baba ya ce inji da batir ne suke karɓa-karɓa. Saude ta gyaɗa kai, amma ko kaɗan ba ta gane ba.

Wata Asabar motar ta mutu a ƙofar gida, ta ƙi tashi fafur. Injin ya gama yayinsa. Baba ya sayo wani inji na hannu, ɗan Kwatano, haɗe da akwatin giyarsa, ya kira Malam Ramalan, tsohon bakanike daga Rano.

Maƙwabta suka yi ta surutu. Wai idon tsohon ya yi rauni, motar zamani ta fi ƙarfinsa. Baba ya ce shekara ashirin shi yake masa gyara, ba zai canza shi ba.

Malam Ramalan ya rataya sarƙa a reshen tsamiya don ciro inji. Ya fara raba batir da mota, ya gargaɗi yara kada wanda ya taɓa manyan wayoyi masu ruwan lemo. Sannan ya aika cikin gida a ba shi zaren hula, kowace kala.

Ga yadda yake aikinsa. In ya cire ƙaramar waya daga tsohon inji, sai ya ɗaura mata zare. Sai ya ɗaura irin wannan zaren a jikin sabon inji, daidai inda za ta shiga. Ja da ja, kore da kore. Ba ya tsimi kuwa, jela yake bari zololo.

Ran Talata da yamma ya hau babur ya koma Rano. Ita kuwa Saude tana da hular aikin hannu da za ta kai wa Malama Bushra a makaranta ran Alhamis. Saura ƙananan furanni biyar, amma babu zare a gida sai baƙi.

Ta leƙa waje. Ga zare nan yana reto a wayoyi, mai kyau da shi.

"Ai zare zare ne," ta ce a ranta. "Kuma waɗannan ba masu ruwan lemo ba ne."

Ta fara daga hagu. Ta kwance kore, ta ɗaura baƙi a madadinsa, ta zauna ta ɗinka fure. Ta dawo ta kwance ja. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har biyar. Hula ta yi kyau. Har yaba wa kanta ta yi, wai ba ta bar ko waya ɗaya babu zare ba.

Washegari da ta dawo daga makaranta, ta tarar da Malam Ramalan tsaye gaban mota. An sa sabon inji, amma aiki ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya sake cirewa.

"Baƙi ɗaya na ɗaura," in ji shi. "Yanzu ga shida."

Baba ya ce ko za a gwada a gani. Malam Ramalan ya girgiza kai. Kawunan wayoyin sun yi kama da juna. In aka sa wata a gurbin wata, ƙwaƙwalwar motar za ta iya ƙonewa.

Maƙwabta suka taru. Wannan ya ce a ja motar zuwa Kano. Wancan ya ce dama shi ya faɗa. Wani kuma ya rantse wai ɓera ne, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin ɓera ya ƙulla zare.

Kan Saude ya ɗaure. Ita dai ta mayar da zare. To me ya ɓaci? Ta dubi wayoyin, ta dubi jikin injin inda kore da ja suke jira. Sai a lokacin ta gane. Ta sulale cikin gida.

Daga zaure ta ji muryar tsohon, a hankali.

"Malam Ishiyaku, ka yafe mini. Mutane sun yi gaskiya. In har ina ɗaura baƙi ina zaton kore ne, to idon ya tafi. Daga yau na ajiye sifana."

Saude ta ji ƙarar ƙarafa, ana zuba su a buhu. Tausayi ya kama ta, kunya ta rufe ta. Mutumin nan zai bar sana'arsa saboda furanni biyar!

Ta ɗauko hular, ta fito. Ta durƙusa.

"Baba, ni ce. Idon Baba Ramalan lafiyarsa lau. Ni na kwance zaren na ɗinka hula."

Baba ya ɓata rai.

"Wa kika tambaya?"

"Ban tambayi kowa ba."

Malam Ramalan ya karɓi hular yana jujjuyawa. Ga kore, ga ja, ga shuɗi, ga rawaya, ga ruwan hoda. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe dai ina gani," ya ce. "Yarinya, ai da jelar kawai kika yanke. Da wanne kika fara?"

Saude ta ce daga hagu ta fara, kuma duk wanda ta kwance, shi take ɗinkawa kafin ta ɗauko na gaba. Tsohon ya duba ƙullin. Nasa biyu-biyu ne, nata ɗaya ne siriri irin na masu allura. Nan da nan ya ware wayoyi biyar ɗin.

Baba ya ce ta warware furannin da hannunta. Tana warwarewa tana hawaye. Fure na farko ya koma waya ta farko, na biyu ya koma ta biyu. Malam Ramalan bai yarda da hula kaɗai ba. Sai da ya auna kowace waya da 'yar na'urarsa kafin ya jona.

Da la'asar ya ce Baba ya kunna. Fitilu suka kawo, amma ba a ji komai ba. Saude ta ce a ranta shi ke nan, ta lalata motar. Sai ga taya tana juyawa a hankali. Can sai sabon inji ya karɓa da ƙugi. Yara suka bi ta da gudu suna ihu.

Ran Alhamis Saude ta kai hula babu furanni. Malama Bushra ta rage mata maki, ta kuma sa ta faɗa wa aji dalili. Ba ta ɓoye komai ba.

Bayan mako guda Malam Ramalan ya kawo mata zare daga kasuwar Rano, kala biyar. Ta gama hular, ta tambayi Baba ko za ta iya ba tsohon. Baba ya yi murmushi ya ce ta iya.

Har yanzu Malam Ramalan da wannan hular yake zuwa gareji. Ita kuma Saude ta koyi darasi. Ba ta ƙara taɓa kayan aikin wani ba tare da izini ba. In kuma ta yi kuskure, tana faɗa da wuri, kafin laifinta ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.